Kaita a Bakin Kududdufi

A bayan gidajen malamai na Bukur,
inda kududdufin kuza ya yi kore don tsufa,
akwai wata bishiya tsaye a kan ƙafafu goma sha bakwai.
Na ƙirga. Bara sha biyar ne.

Malama Tangamma ce ta zo da ita,
ɗan reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul,
tun daga Indiya, daga garinsu na bakin teku,
shekarar da aka ɗauko ta koyar da ilmin halittu.
Babana Ɗantsoho shi ke ba furanninta ruwa.
Ta ce masa, sunanta kaita.
Ya ce, Kaita dai ta Katsina?
Ya yi dariya har sai da ya dire garwa.

Ganyenta takobi ne mai haƙoran zarto,
yana hawa a murɗe kamar igiyar da aka tuƙa.
Saiwarta ba ta iya ɓuya ba:
daga ƙugu take fitowa ta doki ƙasa,
kamar tsohuwar da ta tara sanduna
ta rantse ba za ta zauna ba.

Da yamma Malama kan fito da littafin kakanta,
mai haruffa zagayayyu kamar awarwaro.
Ayurbeda, in ji ta, wato sanin rayuwa.
Man furen na ciwon kai ne da na kunne,
saiwa kuwa ta sanyin ƙashi.
Baba ya ce, mu ma muna da sabara,
muna da tazargade.
Ta ce, maimaita.
Ta rubuta tazargade a gefen shafi, da jan biro,
wanda take gyara jarrabawa da shi.

Amma ƙamshin, ta ce, a furen namiji yake.
Sai suka zauna jira.
Damina tara.
Baba ya zuba mata takin awaki, ya kewaye ta da buhu ranar ƙanƙara,
ya yi mata magana da Hausa, Malama ta yi mata da nasu.
Ko toho.

Da kwangila ta ƙare, aka ɗaure akwatuna.
Ta bar masa kwalba ba ta fi ɗan yatsa ba,
ta ce, kafin taka ta yi fure.

Ɗigo ɗaya ya shiga kunnena
daren da na hana unguwa barci.
Biyu a goshin Inna Talle.
Ɗaya ga wani direban Naraguta da bai ko dawo godiya ba.
Na ƙarshe Baba bai shafa ba,
shaƙa kawai ya yi, a gadon asibiti,
ya ce, ku duba mini bishiyar.

Bana, bayan shekara arba'in da ɗoriya,
na leƙa tsakanin takubban nan
na ga abu yana reto, kai ka ce abarba ce ta ɓata hanya.
Ɗa ne.
Ashe mace ce.
Ashe duk tsawon jiran nan
ƙofar da ba ta nan muke ƙwanƙwasawa,
ita kuwa tana ta saukar da ƙafafu,
tana koyon tsayuwa a ƙasar duwatsu.

Na rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke jikin murfin kwalbar.
Ban sani ba ko akwai mai karantawa.

Jiya na yanki saiwa guda, na nemi gafararta,
na dafa, na gasa gwiwoyina da ruwan.
Kada ka tambaye ni ko ya yi aiki.
Na dai taka zuwa kududdufi da safe
ba tare da sanda ba,
na sake ƙirgawa.
Sha shida.
Da wata ƙarama, ja-ja, ba ta kai ƙasa ba tukuna.